Yadda Ake Zaɓa wa Karen Border Collie Abinci, da Abin Yi Idan Ya Juya wa Kwano Baya

Border Collie karen kiwon tumaki ne da ya fito daga kan iyakar Ingila da Sikotland, ƙasar tuddai da sanyi da yawan ruwan sama, inda makiyaya suka daɗe suna ware karnukan da ke iya wuni suna kewaya garke ba tare da sun gaza ba. Akasarin na wannan zamani jininsu yana komawa ga wani kare mai suna Old Hemp, wanda aka haifa a yankin Northumberland a 1893, kuma abin da makiyaya suka nema a zuri'arsa shi ne basira da juriya da son aiki. Babu wanda ya damu da ko zai zama mai ci. Shi ya sa ake samun kare siriri, mai nauyin kilo 14 zuwa 20 idan ya girma, wanda idan aka ajiye masa abinci a nan aka jefa ƙwallo can, sau da yawa ƙwallon zai bi.

Na shafe shekaru ina ciyar da irin waɗannan karnuka, daga masu fita kiwo kullum har zuwa waɗanda iyakar aikinsu zagayen safe da na yamma, kuma kurakuran da nake gani wurin sababbin shiga ba su wuce biyu ba. Wasu suna jin an ce karen aiki ne, sai su ɗora shi a kan abincin karen gona alhali a tsakar gida yake wuni, ya yi ta tara kitse a ƙarƙashin gashinsa ba a ankara ba. Wasu kuma da zarar ya shinshina kwano ya wuce sai hankalinsu ya tashi, su shiga lallashi da canje-canje, har su koya masa yanga da hannunsu. Duk biyun ana kauce musu idan ana auna abin da ke shiga kwano, ana kuma laluba haƙarƙarin karen a kai a kai.

Kayan da za a tanada

Abu na farko shi ne ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram. Kofi ko gwangwani ba ya maye gurbinsa sosai, domin cikar kofi ta yau da ta gobe ba ɗaya ba ce, kuma ɗan tozon da ake ƙarawa kullum shi ne yake zama kilo guda a jikin kare bayan 'yan watanni. Idan sikeli bai samu ba, a je wurin mai shago a auna rabon yini ɗaya sau ɗaya, a zuba a gwangwani, a ja layi a daidai inda ya tsaya.

Sai sikelin auna mutum, da kwanuka biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, ɗaya na abinci ɗaya na ruwa. Na roba yana karcewa, maiƙo ya maƙale a cikin karcen ya riƙa wari, kuma hancin kare yana jin abin da namu ba ya ji. Ana buƙatar mazubi mai murfi da ke rufuwa ruf domin ajiyar busasshen abinci, da ƙaramin littafi na rubuta nauyi da adadin abin da aka ba shi. Ga mai zaɓen abinci, a ƙara da abin wasa na roba mai rami a ciki wanda ake cusa wa abinci, irin su Kong. Wanda bai samu ba yana iya naɗe ƙwayoyin abincin a cikin tsohon tawul. Ya kamata kuma a san likitan dabbobin da za a kira tun kafin buƙata ta taso.

Mataki na 1: Auna karen, ka laluba jikinsa

Ka hau sikeli kai kaɗai ka rubuta, sannan ka ɗauki karen ka sake hawa, bambancin shi ne nauyinsa. A riƙa yi da safe kafin ya ci, a rana ɗaya ta mako.

Nauyi shi kaɗai ba ya faɗar gaskiya, musamman a kan kare mai gashi rufi biyu irin wannan, don haka dole a sa hannu. Ka shimfiɗa tafukanka a gefen ƙirjinsa ka shafa ba tare da dannawa ba. Idan haƙarƙarin yana jiyuwa kamar ƙasusuwan bayan hannunka lokacin da ka miƙe yatsu, jikin ya yi daidai. Idan yana jiyuwa kamar gaɓoɓin yatsu lokacin da ka dunƙule hannu, ya rame. Idan kuma sai ka danna kafin ka ji ƙashi, kamar tsokar tafin hannu, ƙiba ta shigo. Daga nan ka dube shi ta sama, ya kamata a ga ƙugu ya ɗan shiga bayan haƙarƙari, ta gefe kuma ciki ya ɗage sama.

Likitocin dabbobi suna da ma'aunin jiki mai hawa 9, inda 4 da 5 suke daidai, kuma kowane hawa sama da 5 yana nufin ƙarin kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin da ya kamata. Ni a kan 4 nake son ganin Border Collie, domin kare ne mai gudu da juyi da birki na farat ɗaya, kuma gwiwoyinsa da ƙugunsa ne suke biyan kuɗin duk wani kitsen da ya ƙaru. Baƙi za su ce maka ya rame. Ka saurari haƙarƙarin.

Mataki na 2: Lissafa abin da jikinsa yake buƙata

Ana auna ƙarfin abinci da kalori, kuma lissafin yana farawa daga abin da jiki yake ƙonawa a kwance. Ka ninka nauyin karen da kansa sau uku a na'urar lissafi ta waya, ka danna alamar √ sau biyu, sannan ka ninka da 70. Ga kare mai kilo 16: 16 × 16 × 16 ya ba da 4,096, dannawar farko 64, ta biyu 8, sau 70 ya zama kalori 560. Mai kilo 14 yana tashi a kan 507, mai 18 a kan 612, mai 20 a kan 662. Idan karen ya riga ya yi ƙiba, a yi lissafin da nauyin da ake so ya koma.

Wannan adadi ake sake ninkawa gwargwadon rayuwar karen. Baligin da aka fiɗiye, mai fita zagaye sau biyu a rana, ana ninka masa da 1.6, wato kimanin kalori 900 ga mai kilo 16. Wanda ba a fiɗiye ba, 1.8. Mai ɗan aiki ko wasannin tsalle-tsalle na wasu kwanaki a mako, 2. Mai wuni a bayan tumaki yana kaiwa 3, wato kalori 1,680, wani lokaci ma fiye da haka a kakar da aiki ya yi yawa ko sanyi ya tsananta. Kwikwiyo kafin wata 4 ana ninka masa da 3, daga nan zuwa girmansa da 2.

A nan ne yawancin mutane suke yaudarar kansu. Awa ɗaya ta jifan ƙwallo da yamma ba ta mayar da kare ma'aikaci. Ka zauna ka ƙirga awannin da yake gudu na haƙiƙa a mako, ka ɗauki ƙaramin adadi idan kana kokwanto, domin ƙara abinci daga baya ya fi rage ƙiba sauƙi.

Yanzu ka duba jikin buhun abincin, za ka ga kalori nawa ne a giram 100. Idan 360 ne, mai buƙatar 900 rabonsa giram 250 a yini. Jadawalin da kamfani ya buga a buhu mafari ne kawai, kuma a gwajina yakan zarce abin da karen gida yake buƙata.

Mataki na 3: Zaɓi abincin, ka karanta jikin buhu

Kafin hoton da ke gaban buhu ya ɗauke maka hankali, ka juya bayansa ka nemi jimlar da ke cewa abincin cikakke ne, ya cika ƙa'idar AAFCO ta Amurka ko ta FEDIAF ta Turai (ƙungiyoyin da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi), da kuma matakin rayuwar da aka yi shi dominsa. Akwai abincin gwangwani da na leda da yawa waɗanda na ƙari ne kawai, ba a yi su don a rayu a kansu ba, kuma an rubuta hakan da ƙananan haruffa.

Ƙa'idar AAFCO ta sa mafi ƙarancin furotin, wato sinadarin gina jiki, ga baligi kashi 18 cikin 100, kitse kashi 5.5, ga kwikwiyo kuma furotin 22.5, kitse 8.5, duk bayan an cire ruwan da ke cikin abincin. Waɗannan iyakar ƙasa ce. Ga Border Collie na gida na fi gamsuwa da busasshen abinci mai furotin 22 zuwa 26 da kitse 12 zuwa 16. Ga mai aikin kiwo sosai, furotin 28 zuwa 30 da kitse 18 zuwa 20, saboda kare mai doguwar tafiya kitse ne babban makamashinsa, kuma abinci mai nauyin kalori yana rage yawan abin da zai cusa wa cikinsa. Kalori 1,680 giram 467 ne a abinci mai 360, amma giram 400 ne a mai 420, kuma ga karen da dama ci bai dame shi ba wannan bambanci yana da yawa.

Idan za a kwatanta na gwangwani da busasshe, kada a ruɗe da lambobin da ke jiki. Na gwangwani mai furotin 8 da ruwa 78, abin da ya rage bayan ruwa 22 ne, 8 cikin 22 kuwa kashi 36 ne. Busasshe mai furotin 25 da ruwa 10 yana tashi a kan kashi 28. Ashe mai ƙaramar lamba ya fi.

A jerin kayan haɗi, ana son a ga sunan naman a fili, kaza ko rago ko kifi, a farkon jeri. Hatsi kuwa ba abin gudu ba ne. Shinkafa da masara da alkama dafaffu suna narkewa lafiya a cikin mafi yawan karnuka, kuma idan abinci ya tayar wa kare da ƙaiƙayi ko ciwon kunne, an fi samun laifin a naman sa ko madara ko kaza fiye da hatsi. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara bincike kan rahotannin wani ciwon zuciya a karnukan da ke cin abincin da aka cire wa hatsi aka cika shi da dangin wake. Ba a tabbatar da cewa abincin ne sanadi ba, amma ban ga dalilin biyan kuɗi mai yawa don shiga wannan shakka ba sai idan likita ne ya ce a yi.

Akwai kuma maganar da ake yawan yi cewa furotin mai yawa ne yake sa wannan kare rawar kai. Abin da na gani shi ne, Border Collie da ke yayyaga katifa yana haushi ba dalili zaman banza ne ya ishe shi, kuma canza buhu ba ya gyara wannan.

Ajiya ma tana cikin zaɓi. A sayi buhun da zai ƙare cikin mako 4 zuwa 6 bayan buɗewa, a bar abincin a ledarsa ta asali a cikin mazubi, a wuri mai sanyi da ba rana. A ƙasa mai zafi maiƙon da ke jikin ƙwayoyin yana saurin lalacewa, kuma karnuka da dama da ake zargi da yanga abin da suke ƙi shi ne ƙasan tsohon buhu.

Mataki na 4: Idan na kanti bai samu ba

Akan wayi gari abincin kanti ya yanke ko kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihu. Ga baligi mai kilo 16, wannan haɗi yana ba da kusan kalori 900 a yini: dafaffen naman kaza ba ƙashi giram 250, dafaffiyar shinkafa giram 200, dafaffen ƙwai guda, kabewa ko karas dafaffe giram 100, hanta giram 20, cokalin shayi ɗaya na mai, da rabin cokalin shayi na garin ɓawon ƙwai. Ana iya sa dankalin Hausa a madadin shinkafa, naman sa marar kitse ko kifin da aka cire wa ƙaya a madadin kaza. Ba a sa gishiri, ba a sa dunƙulen ɗanɗano, ba a sa yaji.

Garin ɓawon ƙwan nan shi ne abin da aka fi mantawa, kuma shi ne mafi muhimmanci. Tsokar nama cike take da sinadarin fosfaras amma kalsiyam ɗinta kaɗan ne, alhali jikin kare yana son kalsiyam ya kai fosfaras ko ya ɗan fi shi. A wanke ɓawon, a tafasa, a shanya ya bushe ƙarau, a daka ya yi laushi kamar gari. Hanta kuma kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na abincin, domin bitamin A da ke cikinta yana taruwa a jiki.

Wannan haɗi na cike giɓin 'yan makonni ne. Wanda yake son ya dawwama a kan girkin gida sai ya zauna da likitan dabbobi a tsara masa da ƙarin bitamin da ma'adinai, domin akwai irin su zinki da aidin da bitamin D da E da ba sa cika a irin wannan tukunya. Kwikwiyo kuwa ba na ba da shawarar a yi masa girkin ƙiyasi ko kaɗan, saboda ƙarancin kalsiyam da yawansa duk suna lalata ƙashin da ke girma.

Ragowar abincin gida shi ne babban tarko. Miyarmu da wuya a same ta babu albasa ko tafarnuwa, su kuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ne ko dafaffe, kuma illar tana taruwa a hankali. Tsire da balangu suna ɗauke da yaji da albasa da gishiri. Inabi da zabibi suna iya kashe ƙoda. Cakulan da kofi da goro duk suna da sinadaran da ke hargitsa zuciyar kare, don haka kada a bar goro a inda zai kai baki. Cingam da alewar da aka zaƙaƙa da sinadarin zailitol suna faɗar da sukarin jininsa cikin ɗan lokaci. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya huda hanji. Kitsen layya da ake tara wa kare a rana ɗaya yana iya kumbura masa fankiriyas, gaɓar da ke taimakon narkar da abinci, ciwo mai tsanani da amai. Masara ko gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna kuwa a zubar, domin gubar fumfunar tana cin hanta, kuma karnuka ba sa jure ta.

Mataki na 5: Sauya abinci a hankali

Ko daga wane abinci za a koma wane, a ɗauki kwana 7 zuwa 10. Kwana biyu ko uku na farko a sa kashi ɗaya cikin huɗu na sabo, sauran tsoho. Sai a koma rabi da rabi, sai kashi uku cikin huɗu, sannan sabon zalla. Kashin karen ne zai nuna ko ana sauri: idan ya yi ruwa, a koma matakin baya a ƙara kwana biyu. Sabon kwikwiyo a bar shi a kan abincin da ya saba a gidan da ya fito na aƙalla mako guda, domin baƙunta kaɗai ta isa ta ɓata masa ciki. Idan tsohon abincin ya ƙare babu abin gaurayawa, a fara da shinkafa da kaza na kwana biyu, a riƙa shigar da sabon a kai.

Mataki na 6: Tsara lokaci da ruwa

Kwikwiyo yana ci sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. A bar shi a kan abincin 'yan kwikwiyo har wajen wata 12, kuma kada a yi ɗokin ganin ya yi ɓul-ɓul, domin saurin girma yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon guringuntsin kafaɗa da ake gani a samarin wannan jinsi. Baligi sau biyu, a raba rabon yini gida biyu.

Kada a ciyar da shi dab da gudu, kada kuma a ajiye masa kwano yana haki. A bar tazarar aƙalla awa ɗaya gaba da baya. Mai fita kiwo ana ba shi ɗan kaɗan da asuba, babban rabon da daddare bayan ya huce. A lokacin bazara cin wannan kare yana raguwa, gashinsa na ƙasar sanyi ne, don haka a mayar da abincin sassafe da bayan faɗuwar rana.

Ruwa kimanin mililita 50 zuwa 60 ne ga kowane kilo a yini, kusan lita guda ga mai kilo 16, kuma ya fi haka a zafi ko ranar aiki. Duk abin da ake ba shi na lada wajen horo kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato 90 cikin 900, wanda bai fi ƙwai ɗaya da 'yar loma ba. Idan ya kai shekara 8 zuwa sama ya rage gudu, a rage adadin abinci amma a bar furotin yadda yake, sai fa idan likita ya gano ciwon ƙoda.

Mataki na 7: Karen da ke zaɓen abinci

Kafin a kira shi mai yanga, a tabbatar ba ciwo ne ya hana shi ci ba. Mai yanga yana ƙin kwanonsa amma yana karɓar nama da murna, yana wasa, nauyinsa bai motsa ba. Marar lafiya yana ƙin har abin da ya fi so, ko ya nufi kwano da niyya ya ja baya. A buɗe bakinsa a duba karyayyen haƙori ko tsinken ice da ya maƙale a ganɗa, abin da ke yawan faruwa ga kare mai son ɗaukar sanda. A ɗaga leɓe a ga dasashi: idan ya yi fari fat maimakon ja-ja, ana zargin ƙarancin jini, wanda cututtukan kaska da tsutsar ciki suke kawowa. Baligin da ya kwana biyu bai ci ba, ko ya haɗa da amai, zawo, kasala ko rama, likita ne nasa. Kwikwiyo ba a jira masa haka, idan ya tsallake ci biyu a jere a kai shi a ranar.

Akwai wani ciwon gado da ya kamata mai Border Collie ya sani, wanda ake kira Imerslund-Gräsbeck. Hanjin karen ba ya iya tsotsar bitamin B12, sai a ga ƙaramin kare ba ya son ci, ba ya girma kamar 'yan'uwansa, kullum a gajiye. Gwajin jini ko na ƙwayar halitta yana gano shi, kuma idan aka ɗora shi a kan B12, yawanci ta allura, har ƙarshen rayuwarsa, yakan warware sarai. Duk daɗin da za a zuba a kwano ba ya maganin wannan. Game da tsutsa kuma, kada a ɗebi ragowar allurar ibamektin ta shanu a yi wa kare da ƙiyasi, domin a dangin karnukan kiwo akwai masu gadon rashin jure ta.

Idan lafiyarsa ƙalau, sai a koma kan mutanen gida. An taɓa kawo mini wata karya 'yar shekara 3 wadda masu ita suka rantse ba ta cin komai. Da na ɗora ta a sikeli kilo 19 ta yi, alhali ƙashinta na mai kilo 16 ne. Da muka bi diddigi, mutum biyar ne a gidan, kowa yana tausayinta a ɓoye, wannan biskit, wancan fatar kaza, wata kuma tana ba ta a baki da hannu. Karyar ta gane cewa idan ta ƙi na kwano, wanda ya fi shi yana tafe. Kare mai kaifin basirar da zai koyi juya garke da fito ba zai kasa koyon wannan cikin kwana biyu ba.

Gyaran yana tafiya kamar haka. A tara mutanen gida a yi magana ɗaya, a tsayar da duk wani ciye-ciye. A fita da shi ya motsa jiki, ya huce, sannan a ajiye kwano a wuri mai shiru, nesa da yara da sauran dabbobi da ƙofar da ake yawan wucewa, domin duk abin da ya gifta aiki ne a idonsa. A ajiye a tafi, ba tsayawa a kansa, ba lallashi. Bayan minti 15 a ɗauke, ya ci ko bai ci ba, kuma babu komai sai ruwa har lokacin ci na gaba. A fara da rabin rabonsa, saboda tulin abinci yana kashe wa irinsa sha'awa, idan ya cinye a ƙara kaɗan washegari. Waccan karya a rana ta uku ta lashe kwanonta. Wannan tsari na lafiyayyen baligi ne kawai, ba a yi wa kwikwiyo ko mai ciki ko mai shayarwa ko mai ciwon sukari.

Kuskuren da ke rushe komai shi ne ƙara daɗi bayan ya ƙi. Idan za a inganta abincin, a yi tun kafin kwano ya taɓa ƙasa, kuma a yi iri ɗaya kullum. Ruwan ɗumi da aka jiƙa ƙwayoyin da shi na minti 10 yana tayar da ƙanshi. Romon kaza marar albasa da gishiri, ko cokali ɗaya na kifin sadin, ko na abincin gwangwani, duk suna aiki idan an cakuɗa su sosai yadda ba zai tsince na sama ya bar na ƙasa ba. Abin da aka jiƙa kuma ba ya kwana.

Dabarar da ta fi yi mini aiki a kan wannan jinsi ita ce mayar da abincin ladan aiki. Ƙwayar da ya raina a kwano yakan karɓe ta da zumuɗi idan sai ya zauna, ya kwanta, ko ya nemo abin da aka ɓoye kafin ya samu. A ware rabin rabon yini a aljihu don horo, sauran a cusa a abin wasan roba, ko a watsa a tsakar gida mai tsabta ya bi da hanci. Wani kuma ƙarar kwanon ƙarfe da ke bugun lambar wuyansa ce take tsorata shi, sai a gwada faranti mai faɗi. Karya a lokacin da take neman namiji, da namijin da ya jiyo warinta a unguwa, dukansu sukan rage ci na 'yan kwanaki, kuma yana wucewa da kansa.

Mataki na 8: Bibiya da gyara

Bayan mako biyu a sake aunawa a sake laluba haƙarƙari. Idan ya ƙaru, a rage kashi 10 cikin 100 na abincin, wato giram 25 daga 250. Idan ya ragu, a ƙara daidai haka, a jira wasu mako biyu kafin a sake taɓawa. Kashi mai ƙarfi da ake iya ɗauka ba ya shafa ƙasa, sau ɗaya zuwa uku a rana, da gashi mai sheƙi, alamu ne cewa abincin ya karɓe shi, sai dai gashi yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya nuna canji. Bayan fiɗiya buƙatar jiki tana sauka, don haka a sake lissafin Mataki na 2 a watan da aka yi ta. Haka ma mai aikin kiwo idan kakar aiki ta wuce, a mayar da shi kan rabon karen gida cikin mako guda, a rubuta ranar a littafi domin a san lokacin da za a sake ɗaga shi.